Lambar 2,147,483,647 da dalilin da ya sa ba ta rabuwa

Masu kallonmu na Yamai da kewaye, musamman ɗaliban da ke shirin jarrabawa, ku dubi lambar da ke kan allo: 2,147,483,647. Ta haura biliyan biyu, amma in da buhunan gero ne, babu yadda za a raba su daidai tsakanin mutane ba tare da saura ba, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka ko kowa ya ɗauki buhu guda. Irin wannan ce ake kira lamba marar rabuwa, kamar 2, 3, 5 da 7.

Asalinta mai sauƙi ne. A jera 2 har sau 31, a ninka su da juna, sannan a cire 1. Lambobi marasa rabuwa masu wannan siffa ana danganta su da Marin Mersenne, wani malamin coci na ƙasar Faransa da ya yi nazarinsu a ƙarni na 17, kuma tamu ita ce ta takwas a jerinsu. Siffar kaɗai ba ta isa hujja ba, domin idan aka jera 2 sau 11 aka cire 1, ana samun 2047, wadda ita ce 23 sau 89.

To, ta yaya aka tabbatar da ita tun babu kwamfuta? Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya yi wannan aiki, ya sanar da shi a 1772, a lokacin da idanunsa sun kusa daina gani gaba ɗaya. Da farko, ba a buƙatar gwada lambar da ta wuce 46,340, domin duk lambar da ke rabuwa tana da mai raba ta wanda idan aka ninka shi da kansa ba zai zarce ta ba, ita kuwa 46,341 idan aka ninka ta da kanta ta zarce tamu. Na biyu, kuma a nan ne nake ganin kyan aikin yake, Euler ya nuna cewa duk lamba marar rabuwa da za ta raba wannan dole ta bar saura 1 ko 63 idan aka raba ta da 248. Da wannan hujja dubban gwaje-gwaje suka koma ƙasa da 400, aikin da mai haƙuri zai iya kammalawa da alƙalami da takarda.

Tana kuma cikin wani rukuni mai ƙaranci, saboda ita kanta 31 ɗin lambar Mersenne ce, wato a jera 2 sau biyar, a ninka su da juna, a cire 1. Huɗu kacal aka sani masu wannan hali: 7, 127, tamu, da wata mai alƙaluma 39 wadda masanin lissafi Édouard Lucas ya tabbatar a 1876.

A kwamfuta da wayar salula ma tana da matsayi, domin ita ce lamba mafi girma da ake iya ajiyewa a gurbi mai bit 32 (bit shi ne ɗan gurbin da ke ɗaukar 0 ko 1) idan an keɓe bit ɗaya don alamar ƙari ko ragi. Na'urorin da ke ƙirga daƙiƙu ta wannan hanya tun daga 1 ga Janairu 1970 za su kai wannan iyaka ranar 19 ga Janairu 2038, shi ya sa masana ke mayar da su gurbi mai bit 64 tun yanzu.