Kvalvika da Fredvang: Inda Ake Shanya Kifi Ba Gishiri Ba Hayaƙi

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu mata da nake hangowa can baya, ɗalibai, barkanku da haƙurin zama. Ana jina a baya? To madalla.

An ce in ba da labarin tafiyar da na yi zuwa arewacin ƙasar Norwe, kuma abu uku na yi niyyar taɓawa: hanya, da wani lungun teku da ake kira Kvalvika, da ƙauyen da ke kusa da shi, Fredvang. Na ce lungun teku don mu mutanen tudu ne, ba mu tara sunaye ga irin waɗannan wurare ba. Ku ɗauka wuri ne da ƙasa ta lanƙwasa kamar bakin ƙwarya, teku ya shigo ciki ya kwanta.

Hanya dai ba zan daɗe a kanta ba. Daga Oslo jirgin sama zuwa Bodø, daga nan jirgin ruwa mai ɗaukar motoci, awa uku da wani abu, ya tsallaka da kai zuwa tsibiran Lofoten. Kana sauka ka riga ka wuce layin Aktik, wato iyakar yankin sanyi na ƙuryar arewacin duniya, kana wajen digiri 68 arewa da layin tsakiyar duniya. Kano tana wajen digiri 12, sai ku auna. Abin da ya hana tekun wurin daskarewa shi ne wani ruwa mai ɗumi da ke gangarowa ta cikin Atlantika tun daga wajen mashigin tekun Meziko. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kvalvika ba ta da hanyar mota. Ka ajiye mota a gefen titi, ka hau tudu da ƙafa, cikin taɓo da duwatsu, kusan awa guda. Sai ka kai wata 'yar tsaga tsakanin duwatsu biyu, ka leƙa. Jama'a, yashi ne ja-ja shimfiɗe, ruwa kore shar kamar an zuba shuni a cikinsa, ga wani dutse da ake kira Ryten, mita 543, ya miƙe tsaye daga cikin ruwan. Ba gida, ba shago, ba ƙarar inji. Tumaki ne kawai suna kiwo a gefen ciyawa ba makiyayi, da ƙararrawa a wuyansu. Na tsoma hannu a ruwan, ban kai ƙirga goma ba yatsuna suka sandare. Sunan wurin da harshensu yana nufin lungun ƙaton kifin nan na teku, irin wanda muke kwatanta wa yara in ana labarin Annabi Yunusa, alaihis salam. Tun 2018 wurin yana cikin gandun da gwamnati ta keɓe, Lofotodden. Amma kowa yana iya shiga, domin suna da doka tun 1957 da ta ba kowane mutum damar yawo a daji da kafa tanti, muddin ya yi nesa da gidajen mutane da mita 150. Abu ɗaya ya ɓata min rai, robobi da guntayen taru da teku ke amayowa a bakin yashin, sun zo daga nesa.

To, na biyu. A'a, wannan na uku ne ko? Ƙauyen dai. (dariya)

Fredvang ƙaramin ƙauye ne, gadoji biyu masu doro suke haɗa shi da babban titi. Kafin ka ga gidajen, hancinka ya riga ka isa. Wari ne, ba zan ɓoye muku ba, wanda ya taɓa shiga layin 'yan banda da rana tsaka ya san danginsa. Su kuwa can cewa suke ƙamshin kuɗi ne. Daga nan sai ka ga rumfuna na itace, dogaye, sun fi ɗakin nan tsayi, ba rufi, an rataye kifi a kansu dubbai. Sunan rumfar hjell. Na tsaya a ƙarƙashin ɗaya, iska tana kaɗawa, kifayen suna bugun juna, kwas, kwas, kamar ana karo da itatuwa. Na ƙwanƙwasa ɗaya da ɗan yatsa, wallahi kamar ƙyauren ƙofa.

Can gefe kuma wata rumfa, kawuna ne zalla, an zarga su a igiya tsibi-tsibi, bakunansu a buɗe. Wani dattijo mai gyaran igiya ya tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya. Sai ya ajiye igiyar, ya nuna kawunan da hannu, yana murmushi, ya ce ai naku ne. Jama'a, naku ne! Kifin nan da 'yan uwanmu Ibo ke kira okporoko, Yarbawa su ce panla, wanda kuke gani a buhuna a kasuwar Sabon Gari, wanda in aka sa a miyar agushi maƙwabta sai sun sani, ga inda yake fitowa. Ni da na yi shekaru ina wucewa ta gabansa, sai ranar na ga mahaifarsa.

Bari in tsaya a nan, don wannan ne ya fi ci mini rai a duk tafiyar. Kifin sunansa kod, amma wanda ke zuwa Lofoten suna ce masa skrei, wato matafiyi. Can tekun Barents yake girma, arewa da nan sosai. Duk shekara, daga watan Janairu zuwa Afrilu, sai ya yo ƙaura ya gangaro Lofoten ya zuba ƙwai. Shi ke kawo kansa. Masunta su kama, a farke ciki, a cire kai, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataye. Shi ke nan. Ba gishiri. Ba hayaƙi. Ba itacen wuta ko ƙwaya ɗaya. Zan maimaita don 'yan sashen kiwon kifi su rubuta: ba gishiri, ba hayaƙi. Wata uku yana waje, iska da sanyi suna aikinsu, a sauke shi wajen watan Yuni, a kai shi rumbu ya ƙara wata biyu ko uku yana nuna. Kafin a gama, mafi yawan nauyinsa ya tafi, ruwa ne ya fita, naman ya rage. Sai ya yi shekaru bai lalace ba.

Me ya sa ya yiwu a can? Kun tuna ruwan ɗumin nan da na ce ku riƙe? Shi ne sirrin. Da sanyi ya yi tsanani, kifin zai daskare, ƙanƙara ta yayyaga naman, ya zama kamar soso. Da kuma zafi ya yi yawa, ƙudaje za su sauka, tsutsa ta shiga, ya ruɓe. Lofoten kuwa a waɗannan watanni tana nan daidai bakin daskarewa, ba ta faɗa ciki ba, ba ta fita ba. Kuma lokacin ne daidai kifin ke isowa. Ikon Allah ke nan, kifi da yanayi su yi alƙawari su haɗu a wuri ɗaya a wata ɗaya.

Akwai kuma halittar kifin kansa. Kod ba shi da maiƙo a jiki, duk kitsensa a hanta yake taruwa. Shi ya sa ake samun man hantar kifin nan da iyayenmu mata ke ɗura wa yara da cokali suna kuka. Hajiya tana dariya, ta san shi. (dariya) Nama marar kitse in ya bushe ba ya yin gafi. Tarwaɗarmu kuwa mai maiƙo ce, ga zafi, ga ƙuda, in ka rataye ta haka kwana biyu ba za ka iya tsayawa kusa ba. Don haka masuntanmu na Tafkin Cadi da Yawuri da Argungu da suka zaɓi banda ba jahilci ba ne, ilimi ne, sun karanci kifinsu da iskarsu. Mu ma inda yanayi ya ba mu dama mun yi. Kilishi fa? Mai kilishi ya san a yanka nama marar kitse, a feɗe shi siriri, a shimfiɗa a kan karan dawa, rana da busasshiyar iska su yi sauran. Tunani ɗaya ne. Da za a zaunar da mai kilishi da dattijon nan na Fredvang, da tafinta kaɗan za su buƙata.

Kuma ba sa zubar da komai. Gangar jiki mai kyau mafi yawanta Italiya take tafiya, kuma akwai masu tantancewa, aikinsu ke nan, su duba, su shinshina, su ƙwanƙwasa, su raba shi daraja-daraja kamar yadda ake yi wa fata a Kano. Alaƙarsu da Italiya tsohuwa ce. A 1432 wani ɗan kasuwa daga Banis, birnin da ke cikin Italiya a yau, Pietro Querini, jirginsa ya lalace a teku, shi da ragowar mutanensa suka faɗa tsibirin Røst a ƙarshen Lofoten, masunta suka cece su, ya koma gida da kifin. Hanta a yi mai. Ƙwai a ci. Harshen kifin ma yara ne ke yanke shi, 'yan makaranta, bayan an tashi, su tsira kan a wani ƙarfe mai tsini su zare harshen da wuƙa, su sayar, kuɗin nasu ne. Sauran kan a shanya, a danne shi a buhu, sai Legas. Cinikin da Najeriya ya girmi yaƙin basasa, amma a lokacin yaƙin, 1967 zuwa 1970, an kai kifin nan a matsayin agaji ga yaran da yunwa ta kumbura wa ciki. Akwai dattawa a kudu maso gabas da har yau ba sa kallonsa a matsayin kayan miya kawai.

Shugaba yana nuna min agogo. Minti biyar? To, da sauri. Akwai jajayen ɗakunan masunta da aka kafa a kan turaku a bakin ruwa, rorbu, yanzu yawancinsu masu yawon buɗe ido ake ba haya. Akwai ƙauyen da sunansa harafi ɗaya ne tak, Å, inda titi ya ƙare, da gidan tarihin busasshen kifi a cikinsa. Matasa kuma suna barin ƙauyukan zuwa birane, irin namu dai. Wannan sai wani zaman. Na ga hannu a can, bismillah ɗana.

(Wani ɗalibi ya tambaya: Malam, an ce akwai lokacin da rana ba ta faɗuwa a can, to yaya kuka yi da salla?)

Allah ya yi maka albarka, ka tuna min abin da bai kamata in manta ba. Gaskiya ne. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa a Lofoten, a Disamba kuma sai ta yi makonni ba ta fito ba. Ni a farkon Yuni na je. Rana za ta yi ƙasa-ƙasa ta wajen arewa kamar za ta faɗa ruwa, ta yi ja, sai ta fasa, ta sake hawa. Ba magariba, ba duhun isha, ba ketowar alfijir. Malamai sun daɗe da yin magana a kai, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka ambaci yini mai tsawon shekara a zamanin Dujal, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta isa, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a'a, a ƙaddara masa lokutansa. Daga nan wasu suka ce a bi gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu suka ce a bi lokutan Makka. Musulmin Tromsø, can arewa da Lofoten, da yawansu Makka suke bi a irin waɗannan watanni. Ga malamanmu nan a gaba, su ne masu rarrabe wannan, ni dai na bi na Makka.

Kuma alƙibla ma ta juya, ɗana. Mu nan gabas muka sani, har cewa muke mutum ya dubi gabas. A can kudu maso gabas take. Ranar da na je Kvalvika na kai dare a wurin, in dai za a kira shi dare. Lokacin isha ya yi a agogo, na yi alwala da ruwan wata 'yar ƙorama da ke saukowa daga dutse, haƙorana suna karo, na shimfiɗa rigar sanyina a kan yashi. Teku yana bayana, dutse yana gabana, rana tana dukan ƙeyata, inuwata ta miƙe doguwa har ta taɓa ciyawar da tumakin ke kiwo. A haka na kabbara.

Akwai wata tambayar? Hajiya, bismillah, a miƙa mata makirfo.