Amsoshin Tambayoyinku: Jiragen Yaƙin Ƙasar da Babu Ita a Taswira

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Wasiƙun wannan mako da yawansu sun taru a kan abu guda, shi ya sa na ware su gefe: wasannin nan da ake damƙa wa mutum ƙasa da baitulmali da shekara, a ce masa kai ne shugaban sojan ruwa, zana jiragen yaƙinka. Wasu Rule the Waves suke bugawa a kwamfuta, wasu Hearts of Iron, wasu kuwa ba su da komai sai littafin rubutu da fensir da abokan hira. Abin da ya haɗa su shi ne tarihin "da a ce": da a ce ƙasa kaza ba ta faɗi ba, da a ce yaƙi kaza bai auku ba, wane irin jirgi za ta ƙera? Ina son irin waɗannan tambayoyi ƙwarai, domin ba sa amsuwa sai an koma ga tarihin gaske.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Samaru, Zariya. Ya ce: "Na zana jirgi na shekarar 1910. Na ɗora masa manyan igogi, na ba shi sulke mai kauri, na ce kuma ya fi kowa gudu. Wasan ya ƙi karɓa, wai nauyi ya yi yawa. Da na rage sulken sai ya karɓa, amma a karon farko harsashi ɗaya ya tarwatsa shi. Laifin wasan ne ko nawa?"

To ƙanena, wasan bai cuce ka ba. Abin da ya same ka ya sami Ingila da kanta, kuma ita da rayukan mutane ta biya.

Jirgi kamar buhu yake, akwai iyakar abin da zai ci. Igwa na da nauyi, sulke na da nauyi, injin da tukwanen tururi da kwal suna da nasu. Duk tan ɗin da ka bai wa ɗaya, daga bakin sauran ka ƙwato shi. Dubi Dreadnought da Ingila ta jefa ruwa a Portsmouth a 1906: igogi goma masu bakin inci 12, sulken ƙugu inci 11, gudu kimanin kilomita 39 a awa, da injin mai ƙarfin doki 23,000. Sai Admiral Fisher, shugaban sojan ruwan Ingila, ya ce yana son wani wanda ya fi shi sauri, aka ƙera Invincible mai kilomita 46 a awa. Wannan ƙarin kilomita bakwai kacal sai da ya ci ƙarfin doki 41,000, kusan ninki biyu, aka ƙara wa jirgin tsawo don tukwane su sami wurin zama, aka rage igogi zuwa takwas, sulken ƙugu kuma ya dawo inci 6. Ruwa haka yake, ƙarshen gudu shi ne mafi tsada.

Ranar 31 ga Mayu 1916, a yaƙin Jutland, irin waɗannan jirage uku na Ingila suka tashi da wuta: Indefatigable, da Queen Mary, da Invincible ɗin kansa. Mutum sama da 3,000 suka tafi da su. A Invincible shida ne kawai suka tsira. Amma ka saurara da kyau, don ba siririn sulke ne kaɗai ya kashe su ba. Masu harbi sun saba tara buhunan albarushi a hanya, suna barin ƙofofin da ke tsakanin ɗakin igwa da rumbun harsashi a buɗe don su yi saurin ɗuri. Harsashi ya faɗa ɗakin igwa, wuta ta bi hanya ta gangara rumbu, shi ke nan. Jamusawa sun riga sun ɗanɗana wannan a 1915 lokacin da jirginsu Seydlitz ya kusa ƙonewa, suka gyara yadda suke riƙe albarushi. A Jutland Seydlitz ɗin ya sha manyan harsasai fiye da 20, ya kwankwaɗi ruwa sama da tan 5,000, goshinsa ya kusa nutsewa, amma ya lallaɓa ya isa gida.

Shawarata gare ka ita ce ta Amurkawa a jirginsu Nevada da ya fara aiki a 1916. Sun daina shafa sulke tsaka-tsaki a ko'ina. Suka tattara shi da kauri a kan rumbun harsashi da injin da ɗakunan igwa, suka bar goshi da wutsiya kusan tsirara, domin sulke mai matsakaicin kauri ba ya tare babban harsashi, sai dai ma ya tayar da shi ya fashe a ciki. Ka gwada haka, ka haƙura da ɗan gudu. Kuma in wasanka yana nuna maka ma'aunin daidaiton jirgi a kan ruwa, kada ka raina shi. Na taɓa tsayawa a bakin ruwa a Yawuri ina kallon ana loda wa kwalekwale buhunan albasa. Matuƙin, wani dattijo, bai ce uffan ba har aka fara hawa na uku, sai ya taka gefen jirgin da ƙafa ɗaya, ya tsaya yana jin yadda yake jinkirin dawowa, ya ce a sauke buhu huɗu. Abin da Sweden ta kasa yi ke nan a 1628. Jirgin sarkinsu, Vasa, mai igogi 64 a hawa biyu, an gwada shi da mutum 30 suna gudu daga wannan gefe zuwa wancan, aka tsayar da su bayan zuwa uku don tsoron kada ya kife a wurin. Duk da haka aka sake shi. Bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse a gaban mutanen Stockholm. Sai 1961 aka ciro shi.

Wasiƙa ta biyu daga wani bawan Allah ce a Zangon Kumasi. Ya ce ƙasar da ya ƙirƙira ƙarama ce, tana bakin teku, arzikinta koko da katako. Ya tara kuɗin shekara biyar yana son ya sayi ƙaton jirgi guda wanda zai tsorata maƙwabta. Yana tambaya ko dabara ce.

Malam, kafin ka zana igwa ko ɗaya, ka amsa wa kanka: a ina jirgin zai kwana, wa zai gyara shi, me zai ci, kuma wa zai tuƙa shi? Daidai ruwa daidai tsaki. Amurka da duk arzikinta, faɗin jiragenta na Iowa ƙafa 108 ne, saboda ƙofofin mashigin Panama na lokacin ƙafa 110 suke. Ma'aunin mashigi ne ya yanke wa injiniya hukunci. Rasha kuwa ta tura rundunarta daga tekun Baltik a Oktoba 1904 don yaƙar Japan, ba ta da tashar shan kwal tata a hanya, sai jiragen dakon Jamus ke bin ta suna ɗura mata. Har a kan bene da ɗakunan kwana aka jibge kwal. Bayan wata bakwai suka isa Tsushima a gajiye, cikin jiragen ya yi gansakuka, Admiral Togo na Japan ya gama da su a kwana biyu.

Amma labarin da ya fi kama da naka na Brazil ne. Kuɗin roba da kofi suka sa ta yi odar manyan jirage daga Ingila. Minas Geraes da São Paulo suka iso a 1910, kowanne da igogi 12, a lokacin ba su da na biyu a ƙarfi. Ajantina da Chile suka tsorata, su ma suka yi oda, kowa ya shiga bashi. A Nuwamban shekarar ma'aikatan jiragen, akasarinsu baƙaƙen fata, suka yi bore a ƙarƙashin João Cândido saboda bulalar da ake tsula musu, suka juya bakin igogin suka saita birnin Rio de Janeiro. Ƙasa ta sayi ƙarfe, ta manta da mutanen da ke cikinsa. Jirgi na uku kuwa, da farashin roba ya faɗi, tun yana hannun maƙera aka sayar wa Daular Usmaniyya a ƙarshen 1913. Talakawan Turkiyya sun yi karo-karo don sayen jiragen yaƙi, aka raɗa wa wannan suna Sultan Osman. Ma'aikatansa sun riga sun isa Ingila don su karɓe shi, sai yaƙi ya ɓarke a Agusta 1914, Churchill, ministan sojan ruwan Ingila a lokacin, ya sa aka riƙe shi, aka sake masa suna Agincourt. Wanda ba shi da maƙera tasa, ranar da ya fi bukatar jirgi ita ce ranar da za a hana shi.

Da ni ne kai, da kuɗin nan na raba shi: ƙananan jirage masu harba nakiyar ƙarƙashin ruwa, da nakiyoyin da ake shukawa a bakin tasha, da igogi a kan tudu, da jirgi matsakaici ɗaya ko biyu masu raka jiragen kokonka. Ragowar ka gina busasshen ramin da ake shigar da jirgi a kankare cikinsa, ka buɗe makarantar matuƙa.

Wani mai sauraro daga Maraɗi ya tambaya a taƙaice: tun da ya san jirgin sama ne zai yi nasara a ƙarshe, me zai hana ya fara ƙera jiragen dakon jiragen sama tun 1915?

Babu mai hana ka, Alhaji, sai dai jirgin saman 1915 itace ne da ƙyalle, abin da zai ɗauka bai taka kara ya karya ba. Lexington da Saratoga na Amurka, da Akagi da Kaga na Japan, duk a matsayin jiragen igwa aka fara gina su. Yarjejeniyar Washington ta 1922, wadda ta ƙayyade babban jirgi a tan 35,000 da igwa inci 16, ita ta sa aka mayar da su masu dakon jiragen sama. Sai 10 ga Disamba 1941, da jiragen saman Japan suka nutsar da Prince of Wales da Repulse na Ingila suna cikin tafiya a gaɓar Malaya, gardamar ko jirgin sama zai iya da jirgin igwa ta fara mutuwa. A watan nan ne kuma Japan ɗin ta karɓi Yamato mai igogi tara na santimita 46, wanda jiragen saman Amurka suka nutsar ranar 7 ga Afrilu 1945. Daɗin wasan, a ganina, shi ne ka yanke shawara da abin da mutumin wannan shekarar ya sani kawai.

Wasiƙar da na ajiye ƙarshe daga wata malamar makaranta ce a Yola. Ta ce ita da ɗalibanta suna tsara tarihin da dauloli na bakin Kwara da Binuwai suka haɗa kai kafin zuwan Turawa suka kafa rundunar ruwa. Tana tambaya wane irin jirgi ya dace, don duk hotunan da suke gani na teku ne.

Malama, Allah ya saka da alheri, kuma ki gaya wa ɗalibanki ba daga iska suka ɗauko wannan tunani ba. Sonni Ali na Songhai, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, yana da rundunar jirage a Kwara, da su ya yi wa Jenne ƙawanya lokacin cikar ruwa, kuma daular tana da sarauta ta musamman ta shugaban jirage, Hi-koi. A ƙasar Nufe akwai Kyadya, masu ruwa, da sarkinsu Kuta a Muregi, inda kogin Kaduna ya faɗa Kwara. Darajar riƙe kogi kuwa ta fito fili a 1897: da kamfanin Royal Niger na Baturen Ingila George Goldie ya tasam ma Bida, jiragensa masu tururi suka tsare Kwara, rundunar Makun, wani babban basaraken Nufe, da ke kudancin kogi ta kasa hayowa ta kai wa birni ɗauki. Wani sashe na ƙarfin Nufe ya tsaya a wancan ƙetare. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya sosu.

To jirginku, ki manta da na teku. Zurfin ruwa shi ne sarki. Ke da kike Yola kin fi ni sanin yadda Binuwai ke komawa da rani, yashi ya fito tsibiri-tsibiri, yara na tsallakawa da ƙafa a wasu wurare. A da ma manyan jiragen kaya ba sa isa Garwa sai 'yan makonni a tsakiyar damina. Saboda haka cikin jirgin ya zama shimfiɗaɗɗe kamar faranti, kada ya nutsa fiye da ƙafa biyu ko uku. Tukunyarsa ta ci itace, don kwal sai an kawo daga nesa, itace kuwa ana sara a gaɓa, wanda ke nufin sai kun shirya da garuruwan bakin kogi su riƙa tara muku shi. Sulke ɗan siriri mai tare harsashin bindiga ya isa. Igwa ƙarama, amma a ɗaga ta sama, domin da rani gaɓa takan fi jirgi tsayi, wanda ke ƙasa ba ya ganin abin da ke bayanta. Sannan a ƙera shi gunduwa-gunduwa. Haka janar ɗin Ingila Kitchener ya yi da jirgin Melik, aka kawo shi a sassa daga Ingila aka harhaɗa a bakin Nilu, ya yi yaƙin Omdurman a 1898. Haka ma Bafaranshen nan Gentil ya sa aka yi dakon sassan jirgin Léon Blot a ka, har ya shiga Tafkin Chadi da shi a 1897. Ku ma kuna da dalilin yin haka: duwatsun Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, sun raba Kwara gida biyu, kuma a shekarun da kuke wasa babu madatsar Kainji da ta shanye su. Ko dai ku riƙe runduna biyu, ɗaya sama da Busa ɗaya ƙasa, ko ku yi jirgin da za a kwance a ɗauka. Babbar tasharku kuwa, ki sa yaran su buɗe taswira su duba Lakwaja, inda kogunan biyu suka haɗu, su faɗa miki da kansu dalilin da ya sa kowa ke son wurin.

Kada ku yar da kwalekwale. Jirgin tururi biyu ko uku, da kwalekwale ɗari a hannun Sarkawa da Kyadya da suka san kowane lungu da kowane yashi, sun fi jirgi goma da baƙin matuƙa. In ɗaliban sun gama zanensu, Malama, ki aiko mana da shi tare da lissafin itacen da jirgin zai ci daga Yola zuwa Lakwaja, za mu karanta shi a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Lokaci ya cim mana, sauran wasiƙun suna nan a ajiye. A huta lafiya.