Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaliban Jami'a da Ajin Keken Motsa Jiki

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Tun da muka yi tsokaci a makon jiya kan yadda jami'o'in Amurka ke horar da ɗalibansu su jagoranci azuzuwan keken motsa jiki, wato keken da ake girkewa a cikin ɗaki mutum ya yi ta taka feda ba tare da ya gusa daga inda yake ba, wasiƙunku suke ta shigowa. Lokacinmu kaɗan ne, don haka wanda bai ji tasa ba ya yi haƙuri. Tare da ni akwai malamin jami'a mai koyar da ilimin motsa jiki, wanda ya horar da masu jagorantar irin waɗannan azuzuwa. Malam, barka da zuwa.

Baƙo: Barka kadai, na gode da gayyata.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga Maraɗi take, mai ita yana son sanin wanda ya ƙirƙiro wannan salo. Amsa ita ce Johnny Goldberg, haifaffen Afirka ta Kudu da ya zauna a jihar Kalifoniya. A shekarun 1980 yana atisayen shiga tseren keke mai ratsa Amurka daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, tafiyar kusan kilomita 4,800, sai mota ta kusa kaɗe shi da dare, shi ne ya mayar da atisayensa cikin gida. Daga baya ya mai da shi aji, ya sa masa suna Spinning, kuma har yau sunan mallakar kamfanin Mad Dogg Athletics ne.

Ta biyu daga wani ɗalibin sashen ilimin motsa jiki ce a Zariya. Ya ce, wane mataki ɗalibi yake bi a jami'o'in Amurka kafin a damƙa masa aji? Malam, bismillah.

Baƙo: To, kafin a kai ga wannan, ya kamata a fahimci cewa a can wasannin nishaɗi na ɗalibai sashe ne mai zaman kansa, daban da ƙungiyoyin da ke wakiltar jami'a a gasa. Akwai ƙungiyar da ta haɗa ma'aikatan wannan sashe, ana kiranta NIRSA, kuma mutane da yawa ba su san cewa baƙar fata ne suka kafa ta ba. A shekarar 1950 ne Dakta William Wasson ya tara wakilan kwalejojin baƙar fata guda 11 a Jami'ar Dillard da ke birnin New Orleans, a lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfi, kuma idan aka duba yadda al'amura suke a wancan zamani...

Mai gabatarwa: Malam, a gafarce ni, tarihin yana da daɗi, amma ɗalibinmu na Zariya mataki ya tambaya, agogo kuma ba ya jiranmu.

Baƙo: Haka ne. A taƙaice, cibiyar motsa jiki ta jami'a takan buɗe kwas na wasu makonni ga ɗaliban da ke sha'awa, a koya musu yadda jiki ke aiki, da yadda ake daidaita keke, da yadda ake tsara darasi. Ana neman ɗalibi ya samu takardar shaidar agajin gaggawa na farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, sannan ya riƙa bin wani gwani yana kallo, ana ba shi minti biyar ko goma ya jagoranta. A ƙarshe zai yi gwaji a gaban shugabannin cibiyar, idan ya ci a ba shi aji, kuma ana biyansa. Wasu sukan ƙara da takardar shaida daga hukumomin da ke tantance masu koyar da motsa jiki, irin su ACE ko AFAA.

Mai gabatarwa: Madalla. Wani dattijo daga Katsina ya rubuto yana mana dariya, ya ce shi da kekensa yake zuwa gona kullum ya dawo da kaya, mene ne amfanin keken da ba ya kai mutum ko'ina? Baba, kai ka riga ka wuce wannan aji, don kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki take so baligi ya samu a mako, kai kuwa da alama kana cika su kafin Laraba. An yi keken ne domin jikokinka da ke wuni a zaune gaban kwamfuta.

Yanzu sai tambayar da za mu daɗe a kanta, domin wasiƙu da dama sun zo da makamanciyarta, kuma magana ce ta rai. Wata baiwar Allah daga Kano ta ce ƙanenta yana karatu a Amurka, abokansa suka ja shi ajin keke karo na farko, ya yi minti 45 yana ƙoƙarin kada a bar shi a baya. Bayan kwana biyu cinyoyinsa suka kumbura, ya kasa hawa bene, fitsarinsa ya koma baƙi-baƙi, har aka kwantar da shi a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa. Ya warke, alhamdu lillahi, amma tana tambaya, mene ne ya same shi, kuma laifin wane ne?

Baƙo: Allah ya ƙara masa lafiya. Likitocin da suka duba shi ne za su tabbatar, amma alamomin da ta zayyana sun yi daidai da abin da ke faruwa idan tsoka ta sha wahalar da ta fi ƙarfinta har ta fara lalacewa. Idan ƙwayoyin tsoka suka fashe, wani sinadari da ke cikinsu yakan kwarara cikin jini, ƙoda ce kuma za ta tace shi, idan ya yi yawa sai ya toshe ta, ta iya daina aiki. Shi ne yake rina fitsari ya zama kamar shayin da ba a sa wa madara ba. A shekarar 2017 wasu likitoci a Amurka sun tattara rahotannin mutanen da wannan ya sama bayan ajin keke, suka tarar mafi yawansu a ajinsu na farko ne abin ya faru. Kuma abin lura, ba tsofaffi ko marasa lafiya ba ne kaɗai, sau da yawa matasa ne masu jini a jika, waɗanda suke da numfashin da za su jure amma cinyoyinsu ba su saba da wannan aiki ba.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita domin wanda bai ji da kyau ba. Alamomi uku ne: ciwon cinya mai tsanani da ya wuce gajiyar da aka saba, da kumburi ko rashin ƙarfin ƙafa, da fitsari mai duhu. Wanda ya ga haka bayan atisaye, ko a rana ta biyu ko ta uku ne, asibiti zai nufa a ranar, ba kantin magani ba. Haka ne, Malam?

Baƙo: Haka ne, kuma kada ya sha magungunan rage ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac da kansa, domin suna ƙara wa ƙoda nauyi a daidai lokacin da take fama. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rukunin jini na AS, wato yana da ƙwayar gadon sikila ko da yake ba ya ciwon. Mai AS yana iya motsa jiki lafiya lau, akwai manyan 'yan wasa masu shi, amma haɗarin lalacewar tsoka ya fi yawa gare shi idan aka haɗa matsanancin atisaye da zafi da ƙishirwa. Wannan ne ya sa tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta fara neman 'yan wasan manyan jami'o'i su san matsayin jininsu. Ɗalibin da ya shiga ajin keke don nishaɗi ba ya cikin wannan doka, saboda haka shi ne zai sani, ya kuma gaya wa mai koyarwa.

Mai gabatarwa: Ba ka amsa mata rabin tambayar ba, laifin wane ne?

Baƙo: Ba na son yanke hukunci a kan ajin da ban gani ba. Amma abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, aikin mai koyarwa yana farawa minti goma kafin a kunna kiɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya, wa ye yau ne zuwansa na farko? Duk wanda ya ɗaga hannu, a kai shi gaban keke a daidaita masa, a nuna masa birki, a kuma gaya masa a fili cewa yau minti 15 ko 20 ya ishe shi, ya yi su a zaune, da nauyi kaɗan, idan an ce a miƙe tsaye a kan feda shi ya ci gaba da zamansa. A kuma faɗa wa ajin gaba ɗaya cewa abin murɗawar nan mai ƙara nauyi a hannun mai keke yake, mai koyarwa ba ya zuwa ya murɗa wa kowa. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne magana: idan sabon shiga ba ya iya furta gajeriyar jimla saboda haki, ya wuce inda ya kamata.

Mai gabatarwa: A ra'ayina, ni ba malami ba ne, abokan da suka ja shi su ma suna da nasu kason. Ku samari, wannan ɗabi'a ta yi wa sabon shiga ihu ana ce masa rago idan ya sassauta, ba jarumta ba ce, ku daina. Na sake faɗa: ranar farko, minti 15 zuwa 20, a zaune, da ruwan sha a kusa.

Wani ɗalibi daga Yamai ya ce gwiwarsa takan yi ciwo ta gaba bayan kowane aji.

Baƙo: Galibi sirdi ne ya yi ƙasa da yawa. Ya tsaya a gefen keke ya ɗaga sirdi zuwa daidai ƙashin ƙugunsa, idan ya hau kuma feda ta kai can ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kimanin digiri 25 zuwa 35, kada ta miƙe sarai. Idan ƙugu yana rangaji hagu da dama, sirdin ya yi sama. Kuskure na biyu shi ne taka feda da gudu babu nauyi ko kaɗan. Yawancin waɗannan kekuna suna da faifan ƙarfe mai nauyi wanda ke haɗe da feda, idan ya ɗauki gudu shi ne zai riƙa jan ƙafa, kuma ba a tsayawa farat ɗaya sai an danna birki. Shi ya sa ake koya wa ɗalibai su riƙe zagaye 80 zuwa 110 a minti idan ana kwaikwayon shimfiɗaɗɗiyar hanya, 60 zuwa 80 kuma idan ana kwaikwayon hawan tudu. Idan an gyara waɗannan ciwon bai daina ba, ya ga likita.

Mai gabatarwa: Wata ɗaliba daga Kumasi da ta fara koyon jagorantar aji tana tambaya ko dole ne a ƙure sautin kiɗa kamar yadda take gani a bidiyo. 'Yar'uwa, ba dole ba ne, kuma ke za ki fi kowa cutuwa tunda ke ce kike shiga ɗakin sau da yawa a mako. Ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bayar shi ne desibel 85 na awa takwas (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), duk ƙarin desibel 3 kuma yana rage lokacin da rabi, saboda haka idan sauti ya kai 100 abin da kunne zai ɗauka lafiya bai wuce minti 15 ba. Idan na bayan aji ba ya jin umarninki sai kin yi ihu, ki rage. Malam, akwai ƙari?

Baƙo: Sai dai in ce ta fi mai da hankali kan fanka da tagogi. Mai keke a titi iska tana busar masa da gumi, na cikin ɗaki kuwa babu wannan, don haka zafi yakan taru a jiki da sauri, balle a watannin bazara.

Mai gabatarwa: Saura guda biyu, a gurguje. Wata daga Sakkwato tana tambayar sutura: ki sa dogon wando da riga mai kai wa cinya da ƙaramin hijabi, amma ban da zane ko doguwar riga mai jan ƙasa, domin feda tana iya naɗe ta, igiyar takalmi ma a cusa ta ciki. Wani kuma daga Garwa yana tambaya ko keken yana rage tumbi shi kaɗai. Kitse ba ya narkewa daga wuri ɗaya don an zaɓe shi, jiki duka ne yake ragewa a hankali, kuma abin da kake ci bayan ka sauka daga keken yana cikin lissafi.

Injiniyanmu yana ta ɗaga mini hannu. Malam, mun gode ƙwarai. Wasiƙar mai tambaya kan shiga aji a lokacin azumi tana nan a ajiye, da ita za mu buɗe shirin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.