Amsoshin Tambayoyinku: Zakka, Uwar Miji da Addu'ar Dare

Masu sauraro, barkanmu da war haka, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku a duk inda kuke. Wasiƙun da suka taru a gabanmu wannan makon sun fi ƙarfin lokacin da aka ba mu, saboda haka mun tsamo guda huɗu waɗanda dukansu daga tsakar gida suka fito. Kamar yadda muka saba, ba za mu ambaci sunan kowa ba, sai dai garin da wasiƙa ta fito.

Ta farko daga wani magidanci ce a Malumfashi, jihar Katsina. Ya ce abin da yake ɗauka a wata bai wuce naira 70,000 ba, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, ga 'ya'ya huɗu, ga mahaifiyarsa a ƙauye tana fama da hawan jini. Wata biyu ke nan a jere yana ɗaukar naira 7,000 da ya saba fitarwa zakka, wato kashi ɗaya cikin goma na albashinsa, yana saya mata magani. Ranar Lahadin da ta wuce aka karanta Malakai sura 3 a majami'a, aka ce duk wanda ya hana zakka fashi yake yi wa Allah, tun daga ranar bai sami barci mai daɗi ba. Ya rufe wasiƙarsa da tambaya guda: shin shi ɓarawo ne?

Malam, kwantar da hankalinka, kai ba ɓarawo ba ne. Ka buɗe Markus sura 7, daga aya 9 zuwa 13, za ka tarar Yesu ya riga ya yi magana a kan irin wannan hali naka. A zamaninsa malaman Attaura sun yarda mutum ya dubi dukiyarsa ya ce da ita Korban, wato abin da aka keɓe wa Allah, daga nan kuma sai a ɗauke masa nauyin taimakon uwa da uba da wannan dukiya. A ido abin ya yi kama da tsoron Allah, amma Yesu ya ce da su sun soke umarnin Allah ne domin su riƙe al'adarsu, ya kuma tuna musu da umarnin girmama iyaye da ke Fitowa 20:12. Manzo Bulus ma ya ƙara da cewa, a 1 Timoti 5:4, 'ya'ya da jikoki su fara nuna ibadarsu a cikin gidansu ta wurin sāka wa iyayensu, a aya ta 8 kuma ya ce wanda bai kula da nasa ba ya mūsa wa bangaskiya. Ke nan ranar da ka tsaya a kantin magani kana ƙirga kuɗin nan, hidimar Allah kake yi.

Ita ma zakkar da Malakai yake magana a kai, dalilinta shi ne a sami abinci a Haikali. Idan ka duba Maimaitawar Shari'a 14:28-29 za ka ga cewa kowace shekara ta uku akan tara zakkar amfanin gona a cikin gari domin Lawiyawa da baƙi da marayu da gwauraye su ci su ƙoshi. Tun asali ba a raba zakka da cikin mai jin yunwa ba.

Sai dai kada wani ya kashe rediyo a nan ya ce an soke zakka. Faston ƙauye da ke tafiya kan tsohon babur daga wannan majami'a zuwa waccan, da wannan kuɗi yake ciyar da nasa iyalin, kuma a Matiyu 23:23 Yesu ya ce a riƙe gaskiya da jinƙai da aminci ba tare da an yar da zakka ba. Abin da nake so ka yi, Malam, shi ne ka zauna da maiɗakinka ku duba lissafin wata da idon gaskiya. Da yawanmu, da zarar wata ya yi nisa, zakka muke fara yankewa, amma kuɗin katin waya da ankon biki suna nan daram. Idan kun duba kun ga babu inda za a rage, to 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi, saboda haka ka ba da abin da ya samu da sakin fuska. Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba, amma ni zan yi maka ita: kai kaɗai Mama ta haifa? Idan kana da 'yan'uwa, ka tara su ku yanke abin da kowa zai riƙa kawowa duk wata, ko da mudun masara ne. Ka kuma je ka gaya wa fastonka halin da kake ciki, domin ya fi maka zaman bencin baya kana sunkuyar da kai duk lokacin da aka tashi baiko.

Wasiƙa ta biyu daga wata 'yar'uwa ce a Kafanchan, kuma ita ce ta fi tsawo, har shafi uku. Shekararta shida da aure. Bara mahaifin mijinta ya rasu, sai maigidan ya ɗauko mahaifiyarsa ta dawo wurinsu da zama. Ba a yi wata guda ba makullin ɗakin ajiya ya koma haɓar zanen Mama. Ita ke auna shinkafa da mudu ta miƙo, kuma idan 'yar'uwarmu ta ɗora miyar kuka ta juya baya, kafin ta dawo an buɗe tukunya, an ɗanɗana, an ƙara daddawa. Duk lokacin da ta kai kuka ga maigida amsarsa ɗaya ce, ta yi haƙuri, uwa ce. Tana tambaya, ba Littafi Mai Tsarki ne ya ce mutum zai rabu da mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa ba?

'Yar'uwa, haka aka rubuta a Farawa 2:24, Yesu kuma ya maimaita a Matiyu 19:5. Amma ki lura da wanda aka ɗora wa wannan aiki: namiji ne. Saboda haka, ko da yake ke kika rubuto, rabin amsar nan ta maigidanki ce, ina fata yana kusa da rediyo. Maigida, kalmar haƙuri da kake ta maimaitawa ba ta warware komai ba, ta dai ba ka damar ficewa daga gida ka bar mata biyu da kake ƙauna suna kallon juna. Rabuwa da iyaye da aka ambata tana nufin ka zama shugaban sabon gida wanda matarka ce uwargidansa. Ba ta nufin a yasar da tsohuwa, domin Yesu da kansa, yana kan gicciye, ya damƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, almajirin kuma ya kai ta gidansa, kamar yadda Yahaya 19:26-27 ta nuna. Ka yi daidai da ka ɗauko Mama. Inda ka gaza shi ne ba ka faɗi matsayin kowa ba tun ranar da aka sauke kayanta, ga shi kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka sami Mama ku biyu kaɗai, ka durƙusa ka gaishe ta, ka roƙe ta makullin da bakinka. Kada ka kuskura ka ce matarka ce ta aiko ka, don in ka faɗi haka ka hura wutar da za ta shekara ba ta mutu ba.

Ke kuma 'yar'uwa, bari in roƙar wa Mama alfarma a wurinki. Matar nan ta yi shekaru da dama tana riƙe da rumbun gidanta, ba a ɗebi ko tiya ɗaya ba sai da saninta, sai ga shi cikin ɗan lokaci ta rasa miji, ta rasa ɗakinta, ta rasa maƙwabtan da suke hira da yamma, ta zama baƙuwa a gari. Makullin nan da kike gani, ƙila shi kaɗai ne abin da ke gaya mata har yanzu tana da amfani. In an karɓe shi, sai a ba ta wani abu a madadinsa. Ki bar mata kiwon kaji, ko haɗa daddawa da yaji, ko raka jikoki makarantar Lahadi, kuma wata rana ki riga ta, ki ɗebo miyar a ludayi ki kai mata ki ce, Mama, ɗanɗana mini, me ya rage? Wanda aka tambaya ba ya bukatar buɗe tukunya a ɓoye.

Mun saba karanta Rut 1:16 a wurin ɗaurin aure, har mukan manta cewa suruka ce, wato Rut, ta faɗa wa uwar mijinta Na'omi wannan magana, cewa duk inda za ki, nan zan tafi. Ayar da ta fi taɓa ni a littafin ita ce 2:18, inda Rut ta dawo daga kalar sha'ir a gonar Bo'aza, ta fito da sauran abincin da ta rage bayan ta ƙoshi ta miƙa wa Na'omi. Na'omi ma ba ta zauna tana jiran a yi mata hidima kawai ba, a farkon sura ta 3 ita ce ta tashi nema wa Rut wurin hutawa. Daga ƙarshe matan Baitalami suka ce da Na'omi surukar nan ta fi mata 'ya'ya maza bakwai. Idan an gwada duk wannan abin bai lafa ba, ku nemi dattijuwa ɗaya tsarar Mama daga Zumuntar Mata, mai riƙe sirri, ta zo ta zauna da ita. Na ce guda ɗaya. Kada ki tashi a tsakiyar taron zumunta ki kawo maganar da sunan roƙon addu'a, domin duk mun san irin roƙon addu'ar da kan riga mai shi isa gida.

Wasiƙa ta uku ta tsallako ne daga Maradi a Jamhuriyar Nijar. Wata uwa ce mai 'ya'ya uku, mijinta direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu ba ya gida. Ta ce addu'ar dare ta zama fagen faɗa, babban ɗanta mai shekara 15 ba ya ɗaga kai daga waya, ƙananan kuma kafin a kai rabi sun yi barci. Tana tambaya ko ta haƙura har sai ubansu yana nan.

Mama, kada ki jira. Timoti, wanda Bulus ya rubuta wa wasiƙu biyu, mahaifinsa Bahelene ne bisa ga Ayyukan Manzanni 16:1, kuma da Bulus ya tashi faɗin inda bangaskiyar yaron ta samo asali, kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya ambata. Abin da nake zargi shi ne tsawon addu'ar. Na tuna gidanmu ina yaro, akan kunna fitilar ƙwai bayan tuwon dare, a yi waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, mahaifinmu ya bi layi da yatsa yana karanta ayoyi uku ko huɗu daga tsohon Littafinsa wanda bangonsa ya rabu har aka ɗinke da zare, sai mahaifiyarmu ta yi addu'a tana kiran sunan kowane ɗa. Duka bai fi minti goma ba. Ba zan iya tuna wa'azi ko ɗaya daga waɗannan darare ba, amma har yau ina jin muryarta tana kiran sunana. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma kakanninmu da yawa da ba su iya karatu ba da kunne suka haddace shi, kaɗan kaɗan.

Saboda haka ki matso da lokacin zuwa kafin cin abinci ko da zarar an gama, ki gajarta, ki kuma raba aiki. Wayar da ke ɓata miki rai, akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake saukewa a cikinta, har da na saurare, sai ki ce da babban shi ne mai karatu, ƙaramin ya zaɓi waƙa. Ranar da akwai layi a kira ubansu ya sa albarka daga inda ya yada zango. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa 'ya'ya a zaune a gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi, wato har wurin wanke-wanke da hanyar kasuwa. Kolosiyawa 3:21 kuma ta gargaɗi iyaye kada su matsa wa 'ya'ya har su karai. Yaron da aka zaga minti biyar kafin a ce ya rufe ido, da wuya ya ce amin da zuciya ɗaya, don haka in kin san kin yi masa tsawa fiye da kima, ki ba shi haƙuri kafin a fara.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani saurayi a Gombe. Maƙwabtansu Musulmi sukan aiko musu da naman layya duk Babbar Sallah, mahaifiyarsa tana karɓa, shi kuwa wani abokinsa ya ce masa bai kamata ba. Ɗana, mahaifiyarka ta fi abokinka fahimta. A 1 Korantiyawa 10:27 Bulus ya ce idan wanda ba ku bi addini ɗaya ba ya gayyace ka kana kuma son zuwa, ka ci abin da aka sa a gabanka, Romawa 12:18 kuma ta ce mu yi iyakar ƙoƙarinmu mu zauna lafiya da kowa. Na san akwai masu bi da lamirinsu bai ba su su ci ba, kuma Romawa sura 14 ta hana mu raina juna a kan abinci. Wanda yake haka ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ba wanda zai ci, amma kada ya mai da kwanon maƙwabci da namansa a ciki. In Kirsimeti ya zo, kai ne za ka ɗauki kwanon shinkafa da kaza ka kai musu da ƙafarka.

Lokaci ya cim mana. Wasiƙar da ta zo daga Numan a kan rabon gado ga gwauruwa tana bukatar fili mai yawa, da ita za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.