Lokananta: Gidan da Ke Ajiye Muryar Indonesiya

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, ɗalibai da sauran jama'a, barkanmu da yamma. Na baya can, kuna ji na? To madalla.

Yawancinmu sanin da muka yi wa mutanen Indonesiya a Makka ne: alhazan nan masu tafiya a jere, kowa ya riƙe rigar na gabansa, ba hayaniya ba ture-ture. Yau ta wata ƙofar zan shigar da ku ƙasarsu, ƙofar kiɗa da faifai.

A tsibirin Jaba akwai wani gari Surakarta, amma mutanensa Solo suke ce masa. A nan ne, ranar 29 ga Oktoba 1956, aka buɗe wata masana'antar buga faifan garmaho ta gwamnati mai suna Lokananta. Wanda ya tsaya tsayin daka a kai shi ne Raden Maladi, shugaban gidan rediyon ƙasa a lokacin. Ba don kasuwa aka fara ba. Ku dubi matsalar da ke gabansu: ƙasa mai tsibirai fiye da 17,000 da harsuna sama da 700, shekararta goma sha ɗaya kacal da shelar 'yanci. Tashoshin rediyo a warwatse suke, kowace tana buƙatar abin da za ta sa wa masu saurare. Sai aka ce to, a riƙa ɗaukar kiɗan kowane yanki, a buga shi a faifai, a rarraba wa tashoshi. Da haka mutumin Sumatra ya ji kiɗan Bali, na Bali ya ji waƙar Maluku. Sai daga baya, da masu saurare suka yi ta tambayar inda za su sayi abin da suke ji, aka soma sayar wa jama'a, kuma a 1961 aka mai da wurin kamfanin gwamnati mai zaman kansa.

Sunan ma yana da labari. A tatsuniyoyin Jabawa, Lokananta wani gamelan ne na sama, wanda yake kaɗa kansa ba tare da makaɗi ba. Wanda ya zaɓi wannan suna ya iya zaɓe, don garmaho ke nan: ga kiɗa yana tashi, ba ka ganin mai yi.

Na ce gamelan, bari in ɗan tsaya a kansa. Ba kayan kiɗa ɗaya ba ne, tarin kaya ne na tagulla, wasu kamar faifan tuwo a rataye, wasu kamar ƙananan tukwane a kife, wasu falle-falle a jere ana bugu da ɗan guduma, ga ganga tana ja musu gora. Tsarin sautinsu iri biyu ne: slendro mai matakai biyar da pelog mai bakwai. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, kowane saiti da nasa daidaiton murya. Maƙerin da ya ƙera shi ne ya daidaita shi da kunnensa, ba za ka ɗauko ƙarfe ɗaya daga wannan saiti ka sa a wancan ya zauna ba. Har suna ake raɗa musu kamar mutane, da laƙabin girmamawa na Kyai. Saboda haka idan saiti ya lalace ko aka sake masa murya, kuma ba a ɗauke shi a faifai ba, wannan sautin ya tafi ke nan, ko da an rubuta waƙar a takarda. Hukumar UNESCO ta sa gamelan cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a 2021, amma takardar shaida ba ta kiɗa.

Me ke cikin gidan? Ana ƙiyasta faifan garmaho kusan 53,000, da uwayen ɗauka sama da 5,000, wato na asali waɗanda daga jikinsu ake kwafa. Akwai muryar Gesang, ɗan garin Solo da ya yi fice a wani salon waƙa da ake kira keroncong, akwai Waldjinah wadda suke kira sarauniyar wannan salo. Wani masani ɗan Amurka, Philip Yampolsky, ya zauna ya bi fayafayan kamfanin ɗaya bayan ɗaya daga 1957 zuwa 1985 ya tsara su a littafi. Aiki ne mai cin ido, irin wanda ba a tafa wa mai yinsa.

Amma ga wanda na fi so in ba ku. Duk ranar 17 ga Agusta, 'yan Indonesiya suna sauraron muryar Sukarno, shugaban ƙasarsu na farko, yana karanta shelar 'yancin kai. Da yawa suna zaton muryar ranar ce, ta 1945. Ba ita ba ce. A ranar ba a ɗauki sautin ba. Shekaru bayan haka, a 1951, wani ma'aikacin rediyo, Jusuf Ronodipuro, ya roƙi shugaban ya sake karantawa a ɗakin ɗaukar murya a Jakarta. Da farko Sukarno ya ƙi, a ganinsa shelar 'yanci sau ɗaya ake yin ta. Da ƙyar ya shawo kansa. Idan kun saurara za ku ji shiru tsit a bayan muryar, ba sowar jama'a, ba motsi. Lokananta ce ta buga wannan ɗauka a faifai, kuma tana cikin ajiyarta.

Sai kaset ya shigo a farkon shekarun 1970. Kamfanin ya koma yin kaset, masu satar fasaha su ma suka samu nasu. Mu nan ai mun san wannan, ba sai an faɗa mana ba. Ciniki ya yi ta ja da baya, gida ya tsufa, kuɗi suka ƙare. Ga ƙasar da zafi da laima, abokan gabar faifai. Roba tana lanƙwashewa, tef yana yin fumfuna, maganin da ya riƙe sautin a jikinsa yana danƙo har ya manne wa na'ura. Ni kaina na ga irin wannan a gidanmu. Da muka buɗe akwatin ƙarfen mahaifinmu bayan rasuwarsa, mun tarar da kaset-kaset na wa'azi da waƙoƙi, na sa biro ina juya ɗaya, tef ɗin ya tsinke a hannuna. Akwati ɗaya ke nan. Ku ƙiyasta ɗakuna cike, a hannun ma'aikata 'yan ƙalilan. Gamelan na sama ne yake kaɗa kansa, faifai kuwa sai an goge shi, an sanyaya masa ɗaki, an kwafe shi cikin kwamfuta kafin ya mutu.

A 2007 aka ga amfanin ajiya. Malesiya ta yi amfani da wata waƙar gargajiya, Rasa Sayange, a tallan jawo masu yawon buɗe ido, 'yan Indonesiya suka ce tasu ce, ta mutanen Maluku. Rigima ta kaure. Sai aka tuna cewa Lokananta ta buga waƙar a faifan da aka yi don tsarabar wasannin ƙasashen Asiya da aka gudanar a Jakarta a 1962. Ni dai a ganina faifan bai raba gardama ba, don waƙar gargajiya ba ta san kan iyaka ba, an daɗe ana rera ta a ɓangarorin biyu. Abin da ya tabbatar shi ne a 1962 Indonesiya ta riga ta ɗauke ta, ta miƙa wa baƙi a matsayin tata.

An gyara ginin, an sake buɗe shi a watan Yunin 2023, da ɗakunan baje koli, da wurin ɗaukar waƙa, da filin wasa, har da shagunan shan kofi da matasa ke cika. Wasu za su ce an mai da tarihi wurin ɗaukar hoto. Ban ƙi tasu ba, amma na fi son kofi ya biya kuɗin wutar sanyaya ɗakin tef da a bar shi ga fumfuna. Kuma ba su kaɗai ba ne: a garin Malang akwai gidan tarihin kiɗa da masu sha'awa suka faro da tarin fayafayansu, ga kuma ƙungiyar Irama Nusantara da ke bin kasuwannin gwanjo tana farautar tsofaffin fayafai, tana kwafe su tana sa wa a intanet.

Na ga an ɗaga mini hannu, lokacin Magariba ya gabato. Wanda ke kula da na'ura, don Allah sa mana muryar nan ta 1951 kafin mu tashi. Ba ta kai minti ɗaya ba. Ku kasa kunne ku ji shirun da ke bayanta.