Jawabin Maraba ga Wakilin Ma'aikatar Lafiya na Yankin Arewa na Kamaru, a Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Delege, ranka ya daɗe, a madadin Sarkin Hausawa, limamai, iyayenmu mata da sauran jama'ar unguwa, muna yi maka lale marhabin. Ka sha zafin Garwa ka zo har ƙofarmu, Allah ya saka da alheri.

Mun ji abin da ke tafe da kai: binciken ƙananan asibitocin kuɗi da ke yi wa mutum aiki ya koma gida a ranar, kamar gwaiwa, kaciya, tsaga ƙurji da ɗinkin rauni. Mun san dokar 10 ga Agusta 1990 ta hana kowa aikin likita a Kamaru sai sunansa yana cikin rajistar ƙungiyar likitoci ta ƙasa, kuma buɗe asibiti sai da izinin hukuma. Muna goyon baya. Bara a nan unguwar aka yi wa wani yaro aikin gwaiwa a wani ɗaki bayan shagon magani. Wurin ya ruɓe, sai da aka kwashe shi zuwa babban asibiti, uban ya sayar da babur ɗinsa. Wanda ya yanka shi kuwa, farar riga kawai muka gani a jikinsa.

Damuwarmu ke nan, ranka ya daɗe. Talaka bai iya bambance likita da mai farar riga ba. Takardar izinin da Faransanci take, tana kuma cikin durowa. Muna roƙo a tilasta maƙala ta a bakin ƙofa, a kuma riƙa karanta sunayen asibitocin da ke da izini a rediyo da Hausa da Fillanci. Wanda aka rufe ma a faɗa mana, don sau da yawa yakan sauya unguwa ne kawai ya rataya sabon allo.

Ga kuma wanzamanmu zaune, Sarkin Aska na gabansu. Su ke kaciyar 'ya'yanmu tun kaka da kakanni, kuma ba doka ce za ta raba mutane da su dare ɗaya ba. A kira su a koya musu tsabtace aska, a nuna musu inda hannunsu zai tsaya, musamman cire belun jarirai, wanda likitoci suka daɗe suna gargaɗi a kansa.

Ruwa na gabanka, a sha tukuna. Bayan nan Sarkin Aska yana da magana.

Wassalamu alaikum.