Waƙoƙin Sifaniyanci na zamani, ta ina ake kama su?

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar rubutattun waƙoƙin Sifaniyanci za mu yi, gajerun nan da mawaƙi ke amayar da abin da ke cinsa a rai, so ne, kewa ce, tsoron mutuwa ne. In kana son ka karanci fannin nan to kunnenka za ka fara horarwa tun kafin ka ɗauki ƙamus.

Dalili kuwa, mu rubutacciyar waƙarmu ta Hausa karinta ya biyo arulin Larabci, gaɓa doguwa da gajera, su kuma mawaƙan Sifaniyanci ƙirga gaɓoɓin kowane ɗango suke yi. Akwai mai gaɓa 8 wanda shi ne na waƙoƙin gargajiya, akwai mai 11 da suka aro daga Italiya a ƙarni na 16, akwai mai 14. Amma fa ƙirgar tana da tarko, in kalma ta ƙare da wasali ta gaba kuma ta fara da wasali sai su haɗe su zama gaɓa ɗaya, sannan in ɗango ya ƙare da gaɓa mai nauyin murya sai ka ƙara ɗaya a lissafi, shi ya sa ɗalibi zai ƙirga 9 da ido malami ya ce masa 8 ne, kuma malamin ne da gaskiya.

Sai amsa-amo. Suna da wani iri da wasula kawai ke dacewa, baƙaƙen ba ruwansu, misali luna da nunca, u da a, shi ke nan. A fassara wannan duk zubewa yake yi, ba yadda za ka yi.

To su wa za ka karanta? Ni dai zan ce fara da Bécquer ɗan Sebiya, wato Ishbiliya ta littattafan tarihi, ya rasu a 1870 yana ɗan shekara 34, abokansa ne suka buga waƙoƙinsa bayan ransa, gajeru ne masu sauƙin harshe. Amma wanda ya girgiza harkar ba ɗan Sifen ba ne ma, Rubén Darío ne ɗan Nikaragwa, ya fitar da littafinsa Azul a ƙasar Cile a 1888, ya kwaso salon mawaƙan Faransa ya farfaɗo da ɗango mai gaɓa 14, sai ga mawaƙan Madrid suna koyi da ɗan ƙasar da kakanninsu suka yi wa mulkin mallaka.

A 1927 wasu samarin mawaƙa suka taru a Sebiya don tunawa da cikar shekara 300 da rasuwar Góngora, wani babban mawaƙin Sifen na da, daga nan aka laƙaba musu sunan 'yan 27. Fitaccensu Federico García Lorca ne, ɗan yankin Giranada. Ya ɗauki tsohon ɗangon nan mai gaɓa 8 da talakawa ke rerawa ya cusa masa siffantawa mai rikita kwanya, kari na gida, hoto kamar mafarki, ka duba Romancero gitano na 1928. Kuma ga abin da zai burge ku, a Diván del Tamarit waƙoƙin ya kira su ƙasida da gazal, girmamawa ga mawaƙan Larabawan Andalus na garinsu, duk da dai bai bi arulinsu ba. Littafin bai fito ba sai 1940, lokacin mutanen ɓangaren Janar Franco, sojan da daga baya ya mulki Sifen, sun riga sun harbe Lorca a watan Agustan 1936, farkon yaƙin basasar ƙasar, har yau ba a gano gawarsa ba. Antonio Machado, wani babban mawaƙin Sifen, shi kuma gudun hijira ya yi, ya rasu a Faransa a 1939.

Can Latin Amurka akwai Gabriela Mistral da ta ci Nobel a 1945, da Neruda a 1971, duk 'yan Cile. César Vallejo na Peru kam ka bar shi sai ƙarshe, Trilce ɗinsa na 1922 ya karya nahawu ya ƙirƙiro kalmomi, har masu yaren kansu ke juyawa.

Ka samo bugu mai Sifaniyanci a shafi ɗaya fassara a ɗayan, ka nemo wani yana karanta waƙar a YouTube ka saurara, ka karanta da ƙarfi kana ƙirga gaɓa da yatsu, sannan ka leƙa fassarar. Waƙa ɗaya a zama ɗaya ta isa.